Digirin bincike kan kwatanta addinai da harshen Tamil: ta ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da digiri na biyu a nazarin addinin Musulunci, ina jin Larabci da Turanci. Na ji ana yin digirin bincike kan kwatanta addinai da harshen Tamil a kudancin Indiya. Wanda bai taɓa jin Tamil ba zai iya shiga? Kuma M.Phil, wato digirin binciken da ke tsakanin digiri na biyu da na digirgir, zan nema ko digirin digirgir?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka cire M.Phil daga lissafi. Hukumar kula da jami'o'in Indiya, UGC, ta soke shi a dokokinta na 2022, a Disambar 2023 kuma ta sake jan kunnen ɗalibai kada su shiga. Digirin digirgir ne ya rage: shekara uku mafi ƙaranci, shida mafi yawa, kuma ana son makin da ya kai kashi 55 cikin ɗari a digiri na biyu.

A jihar Tamil Nadu, kwatancen yakan fito ne daga batun da ka zaɓa, ba daga sunan sashe ba. Jami'ar Madras da ke Cennai, wadda aka kafa a 1857, ta ware sassa daban-daban: na aƙidar Shaiba Siddanta ta mabiya Shiba, na mabiya Bishnu (Shiba da Bishnu abubuwan bautar 'yan Hindu ne), na addinin Jain, na Kiristanci, da cibiyar nazarin Musulunci. Jami'ar Madurai Kamaraj ma tana da tsangayar addinai da falsafa. A sashe ɗaya za ka yi rajista, saboda haka malamin da zai duba aikinka shi ne gaba da komai. Doka ta ƙayyade wa farfesa ɗalibai takwas, amma ta ba shi damar ƙara biyu 'yan ƙasar waje. Ka rubuta masa da tsarin bincikenka kafin ka biya ko sisi, ka kuma nemi ya faɗa maka a rubuce da wane harshe za a rubuta kundin, da wanne za a kare shi.

Sai maganar harshe, kuma a nan gizo ke saƙar. Haruffan ba su ne matsalar ba: 247 ne, amma wasula 12 ne da baƙaƙe 18 ake harhaɗawa, sai harafi guda na daban. Wahalar ita ce Tamil ɗin kasuwa daban, na jarida da lacca daban, na tsofaffin littattafai kuma daban. Wanda zai yi hira da masu ziyarar wuraren ibada yana buƙatar na farko, mai rubuta kundi na biyu. Wanda zai karanta waƙoƙin Tebaram na mabiya Shiba, ko baitoci 4,000 na waliyyan Bishnu goma sha biyu, sai da na uku, kuma sharhin waɗannan baitoci an cakuɗa shi da Sanskirit. A ganinmu, wanda bai ba harshen aƙalla shekara guda cur ba kafin rajista, zai ƙare yana dogaro da fassarar Turanci, masu jarrabawa kuwa nan take suke ganewa.

Larabcinka jari ne babba. Musulman gaɓar tekun Tamil Nadu, a garuruwa irin su Kayalpattinam da Kilakarai, sun daɗe suna rubuta Tamil da baƙaƙen Larabci, abin da ake kira Arwi, kamar dai ajaminmu, har da ƙarin ɗige-ɗige don sautukan da Larabci ba shi da su. Masu iya karanta shi sun yi ƙaranci. Akwai kuma Sirapuranam na Umaru Pulabar, tarihin Manzon Allah (SAW) a waƙe, baiti kusan 5,000, wanda aka tsara bisa salon manyan waƙoƙin Tamil na gargajiya, har ya siffanta ƙasar Larabawa da koguna da gonakin shinkafa irin na Tamil. Kwatanta shi da Tembabani, waƙar da limamin Katolika ɗan Italiya, Beski, ya yi kan Yusufu mijin Maryamu a ƙarni na 18, batu ne mai iyaka, mai yiwuwa cikin shekara uku ko huɗu. In aikin fili ka fi so, hubbaren Nagor, da Musulmi da 'yan Hindu ke ziyarta, ba shi da nisa da cocin Belankanni.

Abu biyu ke yawan kayar da tsarin bincike. Na farko faɗin batu: "Musulunci da addinin Hindu" ba take ba ne, ɗakin karatu ne. Na biyu shigowa da niyyar muƙabala. Ana son ka bayyana aƙidar Shaiba yadda mai ita zai ji ya ce haka take, sannan ka kwatanta. Raddi ba ya wucewa a gaban kwamiti.

Kafin ka tsayar da take, ka leƙa Shodhganga, rumbun kundayen digirgir na Indiya a intanet, kada ka maimaita aikin wani. Kamanceceniyar rubutu da na wasu da ta haura kashi 10 cikin ɗari tana jawo hukunci. Bizar karatu za ka nema, ba ta yawon buɗe ido ba, kuma tunda zamanka zai wuce kwana 180, dole ka yi rajista a ofishin kula da baƙi cikin kwana 14 da saukarka.