Kada ki bari a yi musu sabon fenti

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna kwashe kayan marigayi mahaifinmu sai muka tarar da ƙananan motocin wasa na ƙarfe guda tara a cikin adakarsa. Wasu an rubuta Lesney a ƙarƙashinsu, wasu Corgi, biyu suna cikin kwalinsu. Fentin ya ɗaɗɗaye, ƙanena yana so ya kai su a sabunta. Suna da wata daraja kuwa?
Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

'Yar'uwa, don Allah ki dakatar da ƙanenki. A wurin masu tara waɗannan motoci, fentin asali, ko da ya kankare, ya fi sabon fenti daraja nesa ba kusa ba. Ina saurayi na shafa wa wata Land Rover tawa ta wasa fentin ƙofa, kuma har yau in na ɗauke ta sai raina ya sosu, don launin da na san ta da shi ya tafi ke nan.

Lesney kamfani ne na birnin Landan, shi ya fara fitar da motocin wasa masu suna Matchbox, wato akwatin ashana, a 1953. Asalin sunan kuwa, ɗaya daga cikin masu kamfanin, Jack Odell, ya ƙera wa 'yarsa motar daɓe titi da za ta shiga akwatin ashana. Kamfanin ya durƙushe a 1982, daga baya aikin ya koma Makau, can gefen ƙasar Sin. Saboda haka duk wadda kika ga Lesney da England a gindinta, tsohuwa ce ta gaske. Ki duba tayoyin kuma. A 1968 Hot Wheels ta Amurka ta fito da motoci masu gudun tsiya, dole ta sa Matchbox ta sauya zuwa tayoyi masu saurin juyawa da ake kira Superfast a 1969. Waɗanda suka riga wannan canji, gatarinsu ya fi kauri, ba sa gudu sosai, kuma su na fi so.

Corgi kuwa a garin Swansea na Birtaniya aka fara yin su a 1956, sun yi suna ne da tagogin roba a lokacin da motocin wasa na Dinky, abokan gasarsu, ba su da su.

Batun kuɗi, kada ki sa rai da yawa. An buga irinsu miliyoyi, wadda yaro ya yi wasa da ita ba ta tsada. Biyun da ke cikin kwali su ne abin lura, domin kwalin kansa yana ɗaga farashi sosai. Kada a manna masa salatif ko da ya yage.

Ki share ƙura da buroshi mai laushi, ban da fetur, ban da kananzir. Ki naɗe kowace daban a ƙyalle don kada su gogi juna, ki ajiye inda rana da danshin damina ba sa kaiwa. Lambar da ke ƙarƙashin kowace ki rubuto mini ita, zan gaya miki sunanta da zamaninta.