Tambayoyinku: Ta ina ake shiga aikin kula da kuɗin sauyin yanayi?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato neman aiki a hukumomi da ƙungiyoyin da ke juya kuɗin sauyin yanayi, shi ya sa na tattara su wuri guda. Wasu tambayoyin na rage musu tsawo, a yi min afuwa.

Tambaya: Malam ni akanta na karanta, na gama bautar ƙasa yau shekara biyu ina zaune a gida. Kullum sai in ji a rediyo ana maganar biliyoyin dala na sauyin yanayi da za a ba ƙasashe matalauta. Shin irinmu muna da wuri a ciki, ko aikin na 'yan kimiyya ne kawai? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Ƙanena kwantar da hankalinka, wallahi irinka ana nema, kuma wani lokacin har an fi wahalar samun akanta mai amana a kan samun masanin yanayi. Amma bari ka fara sanin inda kuɗin suke fitowa da yadda suke tafiya, don a nan ne za ka ga gurbinka.

A taron Kopenhagen na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alƙawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba su cika a kan lokaci ba, sai daga baya ƙungiyar OECD, wadda yawancin mambobinta ƙasashe masu arziki ne, ta ce a 2022 aka kai adadin. A 2024 a Baku aka ɗaga alƙawarin zuwa dala biliyan 300 a shekara kafin 2035, kuma ƙasashe masu tasowa da yawa sun fito daga taron ransu a ɓace don sun ce bai kai ko kusa da buƙata ba, ni ma ra'ayina ke nan, tunda Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba amma ga fari ga ambaliya ga hamada duk a kanta. Kuɗin kuma ba a asusu ɗaya suke ba. Akwai GCF, wato asusun yanayi na Green Climate Fund, wanda aka kafa a 2010, ofishinsa na Koriya ta Kudu, shi ne babba. Akwai GEF, asusun kula da muhalli na duniya, tun 1991, akwai Asusun Daidaitawa da Sauyin Yanayi, sannan ga sabon asusun asara da ɓarna da aka amince da shi a Masar a 2022 bayan ambaliyar Pakistan, aka ƙaddamar a Dubai a 2023, wanda yanzu ɗan Senegal ne Ibrahima Cheikh Diong ke jagoranta. Sai kuma bankuna irin su Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da ke Abijan.

To babu wanda ake rubuta wa cek a ce je ka ka dasa itace. A tsarin GCF kowace ƙasa tana da ofishin gwamnati da zai sa hannu ya ce ba shi da ja a kan shirin, sannan dole a bi ta wata hukuma da asusun ya tantance ya yarda da yadda take riƙe kuɗi, kamar UNDP ko IFAD na Majalisar Ɗinkin Duniya ko bankin raya Afirka ta Yamma BOAD na Lome. Za a fara da gajeriyar takardar shawara, in ta wuce a rubuta cikakken shiri mai ɗaruruwan shafuka, masana su duba su dawo da tambayoyi a amsa su sake dawowa da wasu, kafin hukumar gudanarwa ta zauna ta amince, abin da kan ci shekaru. In an amince ma kashi-kashi ake sakin kuɗin, ba a ba ka na gaba sai ka yi bayanin na baya kwabo da kwabo.

Ka ga inda aikinka yake ko? Ɗauki misali an tara manoma an koyar da su yadda ake haƙa ramukan rabin wata don tare ruwan sama. Ranar taron kowa murna yake, an ci an sha an ɗauki hoto. Kai kuma a teburinka sai ka ga takardar sunayen waɗanda suka zo, kowa da sa hannunsa ko dangwalen yatsa, da takardar kuɗin mota da aka raba, da rasit ɗin mai, da littafin direba da ya nuna kilomita nawa motar ta yi, da shaidar cewa an tambayi farashi wajen masu abinci uku kafin a zaɓi ɗaya. In odita ya zo ya lura duk sa hannun nan rubutun mutum ɗaya ne, shike nan an soke wannan kashewar, a ce a dawo da kuɗin, kuma kashi na gaba ya tsaya, ga damina ta ƙarato ga iri ba a saya ba. Manomin da ke ƙauye bai san sunanka ba amma shukarsa tana rataye da tsaftar fayil ɗinka.

Bayan akanta akwai jami'in sayayya da bayar da kwangila, da mai bibiyar aiki yana auna sakamako, da mai kula kada shirin ya cuci muhalli ko ya danne haƙƙin jama'a, da mai kula da shigar mata, da masu taswira, sai kodineta a samansu. Shawarata kada ka fara hango Koriya ko Amurka, fara da ƙofar gida. Shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai farfaɗo da ƙasar noma a busassun yankuna, na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021, yana aiki a jihohin arewa 19 da Abuja, kowace jiha da ofishinta, ga kuma hukumar Babbar Katangar Itatuwa da ke aiki a jihohi 11 na bakin hamada har da Zamfara ɗinka. Sau da yawa manyan kujerun ma'aikatan gwamnati ake turowa su riƙe, amma kamfanonin da suka samu kwangila da ƙananan ƙungiyoyin da ke aiki a ƙauyuka kullum suna neman mai riƙe musu lissafi. Ko da ƙaramin albashi ne ka karɓa, shekara biyu kana haɗa rahoton kuɗi irin wanda masu bayarwa ke karɓa ta fi maka kowane satifiket.

Tambaya: Yaya ni aikin gona na karanta, ina jin Faransanci da Hausa sosai amma Turancina kaɗan ne. Ina son in yi aiki da manoma mata. Akwai dama? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: Ƙanwata ai ke a kan arzikin kike zaune. Maraɗi da Damagaram su ne inda manoma suka farfaɗo da itatuwan gonakinsu ta hanyar sassaben zamani tun shekarun 1980, a bar kututturen gawo ko kalgo ya tofo a rage masa rassa a kula da shi maimakon a tumɓuke, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Masana na zuwa daga ƙasashe daban-daban don su gani, ke kuma cikinsa kika tashi.

Abin da za ki ƙara shi ne iya mayar da abin da kika sani ya zama hujja a takarda. Masu ba da kuɗin nan ba sa karɓar "mutanenmu na cikin wahala" kawai, so suke ki nuna musu cewa wahalar tana da alaƙa da sauyin yanayi, yadda damina ta sauya a shekaru talatin, ranar da ruwa ke sauka da ranar da yake ɗaukewa, kwana nawa ake yi ba ruwa a tsakiyar damina har gero ya ƙone. Irin wannan bayanin cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ta daɗe tana tattara shi kuma tana horar da mutane, sannan Jami'ar Abdou Moumouni tana cikin shirin WASCAL mai ba da karatun gaba da digiri kan yanayi. A Nijar hukumar muhalli ta CNEDD ce ke riƙe da wannan harka ta ɓangaren gwamnati, ki riƙa bibiyar sanarwarsu.

Hausarki kuwa kada ki raina ta. Za a zauna a ofis a duba taswira a ce nan za a haƙa rijiyar burtsatse mai sola a kewaye fili a yi lambun mata, a takarda komai daidai. Sai an je an shimfiɗa tabarma an zauna da mai gari da arɗo, sannan aka keɓe da matan su kaɗai tunda a gaban maza ba za su buɗe baki ba, sai a ji ashe filin nan burtali ne ya ratsa shi, shanu ke bi zuwa mashaya, kuma gefensa gonar wata bazawara ce da aka ara mata ba takarda. In ba a ji wannan ba kafin a kafa waya, an haƙa rijiya an kuma haƙa rigima. Zuwa da kai ya fi aike, kuma mace mai jin yaren mutane da za ta shiga cikin gida ta saurara ta fito ta rubuta rahoto mai ma'ana, wallahi irinta ba su da yawa, ƙungiyoyi neman su suke.

Turanci dai ki dage ki koya, don takardun GCF da Turanci ake miƙa su. Amma mai Faransanci da Turanci da Hausa zai iya aiki daga Senegal har Chadi, ɗan Najeriya da yawa ba shi da wannan.

Tambaya: Wane kwas zan yi? Na ga ana tallan satifiket kala-kala masu tsada. Daga Kano.

Amsa: Ɗan'uwa kada ka sayar da filinka don satifiket. Fara da na kyauta, dandalin UN CC:Learn na Majalisar Ɗinkin Duniya yana da kwasa-kwasai a intanet har da na kuɗin yanayi. Ka iya Excel sosai ba sama-sama ba, ka koyi KoboToolbox na tattara bayanai da waya da QGIS na taswira, biyun nan kyauta ne. Satifiket ɗin PMP da PRINCE2 na gudanar da shiri suna da daraja amma sai ka fara aiki za su yi maka amfani, PMP ma sai da shaidar ka yi aikin shekaru ake bari ka zauna jarrabawarsa. Tunda a Kano kake, leƙa Cibiyar Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero. Sannan abin da mutane ba sa yi, ka shiga shafin GCF ka sauke cikakken shiri guda ɗaya da aka amince da shi na wata ƙasar Sahel, ka karanta shi tun daga farko har kasafin kuɗin, ranar intabiyu za ka ga bambanci.

Tambaya: An turo min saƙo a WhatsApp wai ana ɗaukar ma'aikatan sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, in biya kuɗin fom. In biya? Daga Zariya.

Amsa: Kada ka biya ko sisi, 'yan damfara ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar kuɗi a kowane mataki na ɗaukar aiki. Duk gurbin gaskiya za ka same shi a shafin hukumar da kanta, kuma kada ka tura musu lambar BVN ko hoton fasfo.

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekarata 20 a ma'aikatar gona. Ɗana na son ya shiga wannan harkar amma ina tsoro, aikin yana ɗorewa kuwa? Kuma kuɗin nan kyauta ce ake ba mu ko bashi? Daga wani dattijo a Haɗejiya.

Amsa: Baba tsoronka na kan hanya, ba zan ɓoye maka ba. Yawancin ayyukan nan kwantiragi ne, shiri na shekara biyar ko shida in ya ƙare an rufe ofis kowa ya kama gabansa, ba fansho irin naka. Siyasa ma tana taɓa su, bayan juyin mulkin Nijar na 2023 masu ba da tallafi da dama sun dakatar da sakin kuɗi, a 2025 kuma gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da tallafi USAID ta kuma janye daga yarjejeniyar yanayi ta Paris, mutane da yawa a Afirka suka wayi gari ba aiki. Don haka in ya shiga ya koyi tanadi tun albashin farko, kuma ya riƙe sana'ar da za ta bi shi ko'ina, lissafi ko sayayya ko bibiyar aiki, waɗanda ake nema a shirin lafiya da na ilimi ma. Buƙatar dai ba za ta ƙare ba, ku mutanen Haɗejiya kun ga ambaliyar 2022 da idonku, wadda ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ga ta Maiduguri a 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle.

Tambayarka ta biyu ita ce wadda na fi so a riƙa yi. Akwai kyauta a ciki, amma fiye da rabin kuɗin da gwamnatocin ƙasashe masu arziki ke bayarwa da sunan yanayi bashi ne, wani mai sauƙin ruwa wani ba sauƙi. Shi kansa ACReSAL rance ne mai sauƙi daga Bankin Duniya, Najeriya za ta biya, wato jikokinka na cikin masu biya. Wannan abin yana min ciwo ƙwarai, a ce wanda bai jawo ɓarnar ba shi ne zai ci bashi ya gyara, shi ya sa duk dashen da aka yi don a ɗauki hoto aka tafi ba mai ba shi ruwa har ya bushe kafin bazara nake ganin asara biyu ce, ba itace kuma ga bashi. Ka gaya wa ɗanka in Allah Ya ba shi wurin, ranar da aka kawo masa takarda ya sa hannu cewa dashe ya rayu ya hau mashin ya je ya ƙirga da kansa tukuna. Kai ma Baba da shekarunka 20 kana da dama, ofisoshin jiha na irin waɗannan shirye-shiryen daga ma'aikatu ake turo mutane, ka tambayi babban sakatarenku yadda ake yi.

Masu tambaya kan cinikin kabon, wato sayar da shaidar hayaƙin da aka rage ko itatuwa suka shanye, da kamfanonin da ke zuwa ƙauyuka suna neman a sa musu hannu a kan filaye, na ga saƙonninku, maganar tana da tsawo, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.