Tambaya da Amsa: Yaya zan kulle ƙofar JTAG ba tare da na kulle kaina a waje ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokin aikina mun ƙera makullin ƙofa mai aiki da kati, kuma cif ɗin STM32 muka sa a ciki. Mun kusa fara sayarwa. Shi ya ce mu cire filogin da muke jona na'urar gano kurakurai kawai, shi ke nan babu mai iya kwafe manhajarmu. Ni hankalina bai kwanta ba. Kuma idan muka kulle gaba ɗaya, yaya za mu yi da wanda ya lalace aka dawo mana da shi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kana da gaskiya da hankalinka bai kwanta ba. Cire filogi kamar cire mariƙin ƙofa ne alhali ba a sa sakata ba. Ƙafafun cif ɗin suna nan, layukan tagulla suna nan a kan fanel ɗin da aka dasa cif ɗin, kuma duk mai ɗan hannu a soda zai liƙa siraran wayoyi ya shiga. JTAG, wato ƙofar da ake jona na'urar gano kurakurai da cif ta cikinta, wanda ya zama ƙa'idar IEEE 1149.1 tun 1990, wayoyi huɗu yake buƙata. SWD, wata ƙofa irin wannan ta kamfanin ARM, wanda na tabbata da shi kuke aiki, biyu ne kacal. Akwai ma wata na'ura mai suna JTAGulator, ta Joe Grand, wadda aikinta ke nan: ta bi ƙafafu tana gwadawa har ta gano waɗanne ne.

Wanda ya shiga ta wannan ƙofa yana da irin ikon da kuke da shi a teburin aikinku. Zai tsayar da cif ɗin, ya karanta duk abin da ke ma'adanarsa, ya sauya, ya sake shi ya ci gaba. Saboda haka a cikin cif ɗin ake kullewa.

Yawancin dangin STM32 suna da matakan kariya uku. Mataki na 0 a buɗe yake. A mataki na 1 an hana karanta filash, inda manhajar take, kuma duk wanda ya nemi komawa 0 sai cif ɗin ya goge komai tukuna. Sai dai a nan mutane ke sakaci, domin na'urar gano kurakurai tana iya jonuwa har yanzu, kuma tana ganin RAM, wato ma'adanar wucin gadi da manhaja ke aiki a cikinta. Idan manhajarku tana kwafo mabuɗin sirrin katunan zuwa RAM tana aiki da shi, to kun ajiye shi a fili. Mataki na 2 kuwa yana kashe ƙofar ɗungurungum, kuma ba a dawowa daga gare shi, ko kamfanin ST mai ƙera cif ɗin da kansa ba ya buɗewa.

Ga abin da ke ba ni haushi a wannan tsari. Lamba ɗaya ce a ma'adana ke faɗin matakin: 0xAA na nufin 0, 0xCC na nufin 2, duk wata lamba kuma na nufin 1. Ke nan idan ɗigo ɗaya (wato bit, sifili ko ɗaya da ake rubuta lambar da su) ya juya a cikin 0xCC, an sauko daga 2 zuwa 1. A 2017 masu bincike biyu a Jamus, Obermaier da Tatschner, suka feɗe murfin STM32F0, suka haska shi da hasken UV, suka yi hakan daidai. Ba lallai ma sai an feɗe ba. Akwai dabarar girgiza wuta, wato a sauke ƙarfin wutar cif na ɗan ƙiftawa a daidai lokacin da yake duba ko a kulle yake, sai ya tsallake dubawar. Da ita masu binciken Kraken, kamfanin hada-hadar kuɗin intanet, suka zaro sirrin jakar kuɗin intanet ta Trezor a 2020, a cikin kimanin minti 15. A shekarar ce aka karya kullen cif-cif na nRF52 na kamfanin Nordic ta wannan hanya, a 2021 kuma aka maimaita a kan AirTag, ƙaramar na'urar gano wurin kaya ta Apple. Daga baya Nordic ya fitar da sabon bugu wanda ƙofarsa ke tashi a kulle, sai manhajar ciki ta yarda kafin ta buɗu.

To me za ku yi? Da ni ne, zan sa mataki na 2, amma sai bayan na tabbatar akwai hanyar sabunta manhaja wadda ba ta bi ta wannan ƙofa, kuma ba ta karɓar komai sai mai ɗauke da sa hannun kamfaninku. Wanda ya kulle kafin ya gwada wannan, ranar da aka gano kuskure sai dai ya ciro cif ya zubar. Kuma ku sa gwajin ƙarshe a wurin haɗawa: a jona na'urar gano kurakurai a kan kowane makulli, idan ta amsa kada ya fita. Mantawa da kullewa ya fi duk waɗannan hare-hare saurin faruwa.

Game da wanda aka dawo da shi, mataki na 2 ba zai bar ku ku leƙa ciki ba, don haka ku sa manhajar ta riƙa rubuta tarihin matsalolinta ta miƙo idan an tambaya. In kuwa ba ku riga kun sayi cif da yawa ba, ku duba sababbi irin STM32H5 ko ESP32-S3, masu kulle da mabuɗi. A irin wannan tsari ƙofar ba ta buɗuwa sai mai jonawa ya nuna shaidar da shi kaɗai ke iya haɗawa da mabuɗin sirrinsa. Wasu ma suna ba da damar a buɗe wa mai gyara wani sashe a rufe masa wani.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna a makullin ƙofa: kada ku zuba mabuɗin sirri iri ɗaya a dukkan na'urorin. Ku ɗauka cewa wata rana wani zai sayi guda, ya kai ɗakinsa, ya zauna da ita har ta buɗu. Idan kowace na da nata mabuɗin, abin da ya samu bai wuce na ƙofar da ya saya da kuɗinsa ba.