Hukuncin shan maganin gargajiyar Sin don tari mai naci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sarin kaya. Tari ya riƙe mahaifiyata wata uku ke nan. Wani mai maganin gargajiya a can ya haɗa mini ƙullin saiwoyi da ganyaye, ya kuma ce a riƙa tsira mata siraran allurai. Ya halatta mu yi amfani da su, alhali shi ba Musulmi ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri.

Neman magani halal ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama bn Sharik cewa Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta, ban da tsufa. Addinin likita kuwa ba ya hana a karɓa daga gare shi matuƙar ya san aikinsa kuma amintacce ne. Af, kada wani ya kafa maka hujja da "ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne", malaman hadisi ba su inganta shi ba, kuma ba ma buƙatarsa a nan.

Tsira allurai bai da laifi, in dai sababbi ne masu tsafta, kuma ga Hajiya an fi son mace ta yi mata. Bayanin da suke yi na sanyi da zafi da bushewar huhu fahimtarsu ce ta jiki, ba ibada ba ce. In dai babu tsafi ko roƙon wani abin bauta, babu shirka a ciki.

Inda maganar take shi ne abin da ke cikin ƙullin. Da yawan magungunan tarinsu tsirrai ne zalla, kamar saiwar chuan bei mu da ganyen pi pa da ake dafawa da zuma, kuma asali a tsirrai halacci ne. Amma akwai ejiao, wani daskararren abu mai kama da ƙaro da ake samu ta hanyar dafa fatar jaki, galibi da giyar shinkafa, suna ba da shi ga busasshen tari. Don shi ne ake kwasar jakunan yankinmu, har Nijar ta hana fitar da su a 2016. Annabi (SAW) ya haramta naman jakin gida ranar Khaibar, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, kuma haramcin ne mashhuri a mazhabar Malikiyya. Wasu malaman zamani suna ganin dafuwar ta sauya ainihin fatar, amma ni ban gamsu ba, kuma babu larura tunda akwai madadinsa. Haka nan busasshiyar tsaka da suke kira ge jie, jumhurun malamai ba su halatta cinta ba. Mahaifar ɗan Adam da wasu ke dakawa haramun ce, jikin mutum yana da alfarma. Tsimin da aka jiƙa a giya ma haka, domin da Ɗariƙ bn Suwaid ya ce don magani yake haɗa ta, Annabi (SAW) ya ce ita ba magani ba ce, cuta ce.

Ko tsiron ma sai an duba cutarwarsa, saboda hadisin "babu cuta, babu cutarwa". Tsiron da suke kira ma huang yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya, har Amurka ta hana sa shi a kayan ƙarin kuzari a 2004. Ƙwallon xing ren mai ɗaci yana da guba idan ya yi yawa. Tsohuwa mai hawan jini ba ta wasa da waɗannan.

Sannan tarin wata uku ba a fara shi da ƙulli. Tarin da ya wuce mako biyu ana gwada majinarsa don tarin fuka, wanda yake yaɗuwa ga mutanen gida, kuma magani na wata shida yana warkar da shi da izinin Allah. Jinkirta wannan gwaji zai iya cutar da Hajiya da jikokinta.

Don haka ka fara kai ta asibiti. Ka sa a rubuto maka sunan kowane abu da ke cikin ƙullin, ka nuna wa likitanta. Abin da ya tabbata tsiro ne marar cutarwa ta sha da bismillah, wanda aka ƙi bayyana maka abin da ke cikinsa kuwa ka ajiye shi.

Wallahu a'alam.