Bakin gilashi da madubi: wanne ya kamata a biya wa kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki. Mai gilashi a Ƙofar Ruwa ya ce in zaɓi irin bakin da za a yi wa madubin bango da gilashin teburin falo, kowanne da farashinsa. Anya ba dabarar ƙarin kuɗi ba ce?
Wata uwa daga Gwammaja

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ba dabara ba ce. Gilashin da aka yanka yanzu, bakinsa reza ne, kuma 'yan ƙananan tsagogin da ke jikin bakin, daga nan karaya take farawa.

Ki fara duba inda bakin zai zauna. Idan kafinta zai cusa madubin cikin katako, kashe kaifi kawai ya isa: a bi gefen da samfefa ya dushe. Kada ki biya kuɗin ƙyallin da ido ba zai gani ba.

Teburin falo kuwa, a nan nake roƙonki kada ki ja ciniki. Hannu na kai, gwiwa na bugu, gobe jikoki za su dafa shi suna koyon tsayuwa. Ki sa a yi masa baki zagayayye kamar jikin fensir, a goge shi har ya yi santsi. Akwai kuma miƙaƙƙen baki mai sheƙi, wanda ake ɗan rage wa kusurwa sama da ƙasa. Ya fi kyau a gilashi mai kauri, milimita 8 ko 10. Kusurwoyi huɗun nan ma a zagaye su. Ranar karɓa, ki ja bakin gyalenki a gefen, in zare ya maƙale aikin bai kammala ba.

Bebel, wato bakin da ake zaftarewa a karkace kamar faɗin inci 1, ado ne, kuma yana ƙawata madubin da ba shi da firam. Sai dai yana sirantar da gefe, don haka ba na son a yi shi a madubin da bai kai milimita 5 ba. Wajen goge ƙurar hunturu, a fesa ruwa a tsumma, ba a jikin madubin ba, domin ruwan da ya kwanta a gefe shi ke cin azurfar da aka shafa a bayan madubin har bakin ya yi baƙi.

Tambaya: Gilashin kantata gasasshe ne, irin da ake kira tamfad, ya ɗara wurinsa kaɗan. Za a iya rage shi?
Wani matashi daga Tarauni

A'a, ɗan'uwa. Yanka, huda da gyaran baki duk kafin gashi ake yin su. In aka taɓa shi yanzu, tarwatsewa zai yi kamar ƙwayar masara. Ka kira mai alminiyom ya faɗaɗa firam ɗin.