Tambayi Likita: Komawa Tseren Taswira Bayan Dogon Hutu

Tambayoyin wannan makon sun zo ne daga masu tseren bin taswira a nan Zariya. Ga wanda bai san wasan ba: ana bai wa mutum taswira da kamfas (na'urar da ke nuna arewa), ya shiga daji ya nemo tutoci masu launin ruwan lemo da fari da aka kakkafa, bi da bi, cikin mafi ƙarancin lokaci. Ya samo asali ne daga horon sojojin Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19, kuma an kafa hukumarsa ta duniya a 1961.

Tambaya: Likita, shekarata 47, ina zaune a Samaru. Wata takwas ke nan ban motsa jiki ba tun da taifod ta kwantar da ni, na kuma ƙara kilo 7. Ƙungiyarmu za ta yi gasar kwana biyu, Asabar da Lahadi, a gefen Dutsen Kufena nan da mako shida. Zan iya shiga?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Za ka iya shiga, amma ba a rukunin da ka saba ba. Ka zaɓi gajeriyar hanya, ka kuma fara da auna hawan jini kafin komai. Idan ya kai 140/90 a awo biyu na ranaku daban-daban, ka ga likita. Idan ya kai 180/110, a dakatar da atisaye har sai an sauko da shi. Ciwon ƙirji mai kama da an ɗora dutse, jiri, ko haki wanda ya wuce misalin aikin da ka yi, kowane ɗaya daga cikinsu dalili ne na tsayawa nan take a tafi asibiti.

Abin da ke kayar da masu dawowa irinka shi ne wannan: zuciya da huhu suna farfaɗowa cikin 'yan makonni, amma agara da jijiyoyin gwiwa da ƙashin ƙwauri sukan ɗauki watanni. A mako na uku za ka ji numfashi ya dawo, zuciyarka ta raya maka cewa ka koma yadda kake a da. A nan ake jin rauni. Kowane takun gudu yana ɗora wa ƙafa nauyin da ya ninka nauyin jikinka sau biyu zuwa uku, ga kuma kilo 7 da ƙafar ba ta saba ɗauka ba.

Mako biyun farko tafiya kawai za ka yi, da sauri, minti 30, kwana biyar a mako. Wannan shi ne minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya gaza a mako. Ma'aunin saurin: kana iya magana da na kusa da kai, amma ba za ka iya rera waƙa ba. Mako na uku da na huɗu ka shigo da sassarfa, minti 1 sassarfa, minti 2 tafiya, sau takwas zuwa goma, kwana uku a mako, da ranar hutu a tsakani. A mako na biyar ka bar kwalta ka shiga kunyoyin gona da burji da taswira a hannu, domin idon sawu ya tuna da ƙasar da ba ta daidaita ba. Mako na shida ka rage komai zuwa rabi. Sau biyu a mako kuma ka yi ɗage a bakin matakala sau 15 har zagaye uku, ka tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba sau 10 har zagaye uku, ka tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 kowane gefe.

Wasan nan yana da rangwame ga mai dawowa, kuma ina so ka ci moriyarsa. A taswirar 1:10,000, santimita 1 mita 100 ce a ƙasa. Wanda gajiya ta sa ya kauce santimita 3 ya yi asarar mita 300 zuwa, 300 dawowa. Mai tafiya da natsuwa, babban yatsansa a kan inda yake a taswira, sau da yawa yakan riga mai gudu isa tuta. Inda ka ga layuka masu ruwan ƙasa sun matse juna, gangare ne mai tsini, ka zagaye shi. Falalen dutse irin na Kufena santsi gare shi idan raɓa ta sauka ko an yi yayyafi.

Da safiyar Lahadi, kafin ka tashi daga shimfiɗa, ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya. Idan ya haura wanda ka saba da kusan 10, ko kana ɗingishi, ka haƙura da rana ta biyu. Tsamin jiki na kwana biyu zuwa uku ba komai ba ne. Amma ciwon tsoka mai tsanani tare da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, wannan na asibiti ne a ranar, domin ƙoda na cikin haɗari.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Kongo, nan Zariya. Abokaina kan sha diclofenac kafin tsere, wasu ma tramadol, wai don kada ƙafa ta yi ciwo. Akwai illa? Kuma ruwa nawa zan sha?

Amsa: Ɗana, kada ka bi su. Diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke isa ƙoda, gumi kuma ya riga ya rage shi, ballantana a zafin Maris da Afrilu. Tramadol na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana dusashe tunanin da kake bukata don karanta taswira, yana kuma kama mutum har ya kasa daina shan sa. Ciwo saƙo ne, wanda ya toshe shi zai ci gaba da gudu a kan rauni.

Ka sha rabin lita kamar awa biyu kafin a tashi, sannan ka riƙa kurɓa idan ƙishi ya zo. Ka hau sikeli kafin atisaye da bayansa: duk kilo 1 da ya ragu kusan lita 1 ce ta gumi, ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali cikin 'yan awanni. Idan tseren ya wuce awa ɗaya, haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A hunturu ma ana rasa ruwa, iska ce ke busar da gumin ba a gani.

Tambaya: Na gurɗe idon sawu a kan dutse a gasar da ta wuce, ya kumbura. Iyayena sun ce a kai ni wurin mai ɗori. Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada.

Amsa: Malama, sannu. Gwada taku huɗu. Idan kin kasa, ko kuma danna ƙashin da ya turo a gefen idon sawun yana sa ki zabura, a ɗauki hoton ƙashi tukuna. Idan targaɗe ne kawai, ja da murza suna ƙara yaga jijiyar da ta riga ta yage. A kwana biyun farko ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora minti 15 zuwa 20 duk bayan awa biyu ko uku, ki ɗaure da bandeji ba tamau ba, ki ɗaga ƙafar a kan matashi. Ki fara takawa da zarar ciwon ya bari. Kada ki koma daji sai kin iya tsalle da ƙafar ita kaɗai sau 10 babu ciwo, abin da kan ɗauki mako biyu zuwa shida.

Tambaya: Idan maciji ya sari ɗan tsere a daji, me za mu yi?

Amsa: Kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da takalmi, a hana ƙafar motsi da sanda da ƙyalle kamar yadda ake yi wa karaya, a ɗauke shi, kada ya taka. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum na iya zama kamar lafiya lau na wasu awanni kafin dadashi ya fara jini, don haka a wuce asibiti ko da bai ji komai ba. Masu shirya gasa su bincika tun kafin ranar wane asibiti ne ke da allurar kashe dafi, su ajiye mota a wurin tashi, su kuma tabbatar kowane ɗan tsere yana da usur a wuya da dogon wando.