Yaya, ba ƙwace mana yaran ake yi ba

Yaya, ina gaisuwa. Kin tambaye ni ko gaskiya ne labarin da ya iso Kano, wai a Amurka idan mutum ya haifi yaro mai galahanga ko wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta tafiya daidai da shekarunsa, hukuma ce ke zuwa ta ɗauke shi. Ba haka abin yake ba. Amma ban ga laifin mai yaɗa labarin ba, don mu kanmu Hausawan unguwar Bronx a birnin New York, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana, da wannan tsoron muka sauka.

Labarin ma yana da tushe. A da can ana tara irin waɗannan yara a manyan gidajen gwamnati. A nan New York akwai wani da ake kira Willowbrook a tsibirin Staten, an gina shi don mutum 4,000, amma a 1965 an cusa masa fiye da 6,000. A 1972 ɗan jarida Geraldo Rivera ya shiga da kyamara ya nuna wa duniya ƙazanta da wulaƙancin da ke ciki, iyaye suka tafi kotu, a 1987 aka rufe shi. Tun daga nan akalar ta juya: yaro ya zauna gaban iyayensa, taimako ya same shi a gida. Hukumar kare yara tana ɗaukar yaro, i, amma kan duka ko sakaci, ba kan lalura ba.

Idan yaro bai kai shekara 3 ba, uwa ta ga bai zauna ba, bai fara magana ba, ko ana kiran sunansa ba ya waiwaye, sai ta faɗa wa likitan yara ko ta buga 311, lambar wayar hukumar birnin. Za a auna shi, kuma sai da sa hannunta. In an ga yana da buƙata, masu koyar da magana da masu motsa gaɓoɓi har ɗaki suke zuwa, ba ta biyan ko sisi. Daga shekara 3 zuwa 21 nauyin ya koma kan makarantar gwamnati, bisa wata dokar tarayya da ta samo asali a 1975. Kowane yaro ana rubuta masa takardar tsarin karatunsa shi kaɗai, IEP, kuma duk shekara sai an zauna da iyaye a kanta. Uwar da ba ta jin Turanci tana da haƙƙin a kawo mata tafinta. Makaranta ba ta tambayar takardun zama. Kotun Ƙoli ta yanke wannan tun 1982.

Inda muke yin asara shi ne shekaru ukun farko. Uwa ta lura, ta kira gida, a ce mata ai kawunsa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana, ko a ce shafar aljanu ce, a aiko da rubutu da turare. Ni ban raina addu'a ba, Yaya, kin san gidan da muka fito. Amma ruƙiyya ba ta hana a kai yaro awo ranar Litinin. Maza sun fi mu taurin kai a nan, a ganina. Uba zai ce ba za a rubuta wa ɗansa suna a takardar gwamnati ba, kada a ji a masallaci, alhali kowa a masallacin ya riga ya gani.

Kin ce kin yi mamaki da muke barin baƙuwa ta kula mana da yaro. A wurinki akwai kaka, akwai gwaggo, akwai 'yar riƙo, ko maƙwabciya ta goya miki shi ki je unguwa. Nan ɗaki biyu ne a hawa na biyar, miji yana tuƙin tasi da dare, matar tana aikin kula da tsofaffi da rana. Shi ya sa hukumar jihar mai kula da masu irin wannan lalura, OPWDD, take biyan wadda za ta zo ta karɓi uwa na wasu awoyi, ta kuɗin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati. Sharaɗinsu shi ne lalurar ta bayyana kafin shekara 22. Gidan da samunsa bai da yawa kuma yana iya neman tallafin wata-wata na SSI, wanda shi ne mutanen gida ke ji su ce ana ba mu albashi kan yaro. Takardun cikewa sun isa su sa mutum kuka, jira kuma sai mai haƙuri. A nan ne zumuncinmu ke aiki: wadda ta riga ta bi hanyar ita ke zaunar da sabuwa a wurin suna ko bayan karatun Lahadi, ta nuna mata layin da za ta cike, ta raka ta zaman makaranta. Idan ana neman mai kula, mukan fara cigiya a cikinmu, don a samu wadda ta san halal, ta san yarinya budurwa ba namiji ne zai yi mata wanka ba.

Abin da har yanzu yake ɗaure wa iyayenmu kai shi ne ranar da yaro ya cika 18. A idon doka ya zama mai cin gashin kansa ko da bai iya ƙirga kuɗi ba. Uwar da ta yi masa tsarki shekara goma sha takwas sai ta je kotu ta nemi a naɗa ta waliyyiyarsa, in ba haka ba likita na iya ƙin buɗe mata fayil ɗinsa.

Bayan makaranta akwai wuraren wuni da koyon sana'a, akwai kuma ƙananan gidaje da mutum huɗu ko shida ke zama da ma'aikata. Mutanenmu ba sa son gidajen nan, suna ganin kamar an yar da ɗa ne. Wasu sai su tura yaron gida wajen dangi, a can kuma taimakon nan duka ya yanke. Wasu su ɗora wa babbar 'yarsu, ita ma tana da nata auren a gaba. Wannan maganar ba mu gama ta ba a tsakaninmu, duk taron mata sai ta taso.

Jikan maƙwabciyarki da kika ce ya shekara biyu bai ce "Mama" ba, ki sa su kai shi asibitin Malam Aminu Kano, a fara da awon ji. A gaida su Baba.